Mutumin da Ba Shi da Fayil

Tunda ka ce an ɗauke ka aikin sa wa mutane ido, har ka fara jin daɗinsa, gyara zama in ba ka wani misali.

A wata ƙasa da wani Janar ya hau mulki da bakin bindiga ya kuma manta hanyar sauka, an yi wani kurtu mai gadin ƙofar gidan gwamnati. Ba ƙarfi gare shi ba, bai iya harbi ba, sai dai Allah ya hore masa kunne kamar na zomo. Wata rana ya ji direba yana ƙunƙuni wai Janar ya yi nauyi, har tayar mota tana kuka. Ya kai maganar ciki, aka kori direba, shi kuma aka liƙa masa igiya ɗaya a hannun riga. Daga ranar ya gane gonarsa. Ya kai kuku, ya kai mai wanki, ya kai sajan ɗin da ya koya masa fareti, kafin shekara goma ya zama shugaban 'yan sandan ciki, da tumbi da mota mai jiniya. Ya gina wani dogon ɗaki ya cika shi da fayil, kowane baligi a ƙasar da nasa. Mai tsire ya naɗe nama a jarida mai hoton Janar, ƙuli ya ɓata masa hanci, ya sha shekara uku. Wani ya yi hamma ana karanta jawabin sabuwar shekara a rediyo, ya sha biyu. Gogan naka kuwa ba abin da yake ƙauna a duniya irin a ce kullum da hantsi shi kaɗai ke shiga wurin Janar, ya duƙa ya raɗa masa a kunne.

To, mutane ai ba wawaye ba ne. Kowa ya kama bakinsa, har ta kai in ka tambayi mutum yaya gida sai ya ce a tambayi gwamnati. Gulma ta yi tsada, shugaba ya fara shiga wurin Janar hannu rabbana. Abin da ya fi ƙona masa rai, Janar ya koma hira da wani tsohon tela mai ɗinka masa kaki, su zauna suna ta dariya, shi yana tsaye a bakin ƙofa kamar yadda ya faro. Tsoro ya kama shi, don ya san ranar da ya rasa kunnen Janar ya rasa komai. Ya ɗauko fayil ɗin tela, ya buɗe, ya tarar ba ko layi ɗaya. Maimakon ya haƙura, sai dabara ta faɗo masa. Ya kai fayil ɗin haka nan fanko, ya ce ai ƙaramin maƙiyi ne ake jin motsinsa, amma wanda ya shekara da shekaru kusa da mai mulki ba a taɓa kama shi da ko tari ba, wannan shi ne gwanin ɓoye ƙulli. Janar ya gyaɗa kai, ya ce bai taɓa jin hikima irin wannan ba. Nan take ya sa akawuna su bincike dogon ɗakin kaf, su kawo masa sunan duk mai irin wannan tsabta mai ban tsoro. Shugaba ya fita yana shafa tumbi.

Kwana uku akawuna suna shan ƙura. A bayan wani kabad suka tsinci takardar da ta faɗo daga fayil ɗin tela, wai ya taɓa auna ƙugun Janar ya faɗi inci hamsin da ƙarfi a gaban baƙi. Shi ke nan tela ya zama mai laifi irin na kowa, ya tsira. Aka duba ministoci, kowa da tabonsa. Matan Janar ma an same su da shafi bibbiyu. Mutum ɗaya tak ya rage a faɗin ƙasar wanda ba a taɓa rubuta masa komai ba, ko fayil ɗin ma ba shi da shi, don shi ke riƙe da mabuɗin ɗakin. Da aka karanto sunansa a gaban Janar, sai ya zube ƙasa ya ɗaga hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, wallahi ni ma na sha zaginka!"

"Madalla," in ji Janar. "Akawu, rubuta."

Haka aka buɗe masa fayil, aka kwance masa bel, aka cire masa takalma, aka jefa shi bayan motar da ya saba aika wa mutane. An ce ranar har kasuwa ta yi surutu.

Ka ga abin da ya sa Hausawa ke cewa, tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.