Tafina a Kan Dogo

Jikata ta karanta mini wani littafin tarihin jirgin ƙasa. Akwai Turawa a ciki, akwai gadoji da buhunan gyaɗa. Na saurara da kyau, amma ni ba a takarda na san jirgi ba.

Ina ƙarama Mama ta tafi Kafanchan jinyar kakarmu. Ranar da za ta dawo, har la'asar jirgi bai iso ba. Ni kuwa tun lokacin mai fargaba ce. Na riga na binne ta a zuciyata, na raɓe bayan gidanmu a Kakuri ina kuka.

Baba, wanda gyaran layin dogo ne aikinsa, ya ja hannuna har bakin dogo. Ƙarfen ya sha rana, yana warin baƙin mai.

"Ɗora tafinki nan, Ladi. Ina riƙe da ke."

"Baba, in jirgi ya taka ni fa?"

"Ke da ko kaza ba ta taɓa taka ki ba? Yi shiru ki ji."

Da farko zafi kawai na ji. Can sai wani ɗan motsi ya shigo tafina, kamar ƙudan zuma ya shiga tulu.

Baba ya sungume ni muka ja baya. "Motsin jirgin ke nan. Uwarki ce tafe."

Har yau ba na kwanciya sai na duba ƙofa na sake dubawa. Amma ranar, tun ban ga hayaƙin jirgin ba, na ruga gida na ɗora wa Mama ruwan wanka.