Barana Ne

Kabo ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani.

Shekarar ɗiban gwamna ce, lokacin yaƙin duniya, ana kwasar maza zuwa haƙar kuza. Wakilin hakimi ya zo Kaikai da doka: gida mai 'ya'ya maza biyu zai ba da ɗaya. Kabo kuwa biyu gare shi, Audi da Lawal.

Liman ya raɗa masa, "Ka ji tsoron Allah. Littafinsa ne fa."

Kabo ya kau da kai. "Na rantse Audi kaɗai na haifa. Wanga Lawal barana ne, cin rani ya zo daga Maraɗi."

"To, an bar maka Audi," in ji wakili. "Amma baƙo ake fara ɗauka. Ɗan gari wata huɗu yake yi ya dawo. Baƙo kuwa sai an gama yaƙi. Dogari, kama shi."

"Ɗana ne! Wallahi ɗana ne!"

"Ka riga ka rantse."

Lawal bai yi gardama ba. Ya durƙusa gaban mahaifinsa ya ce, "Sai wata rana, maigida."