Akwatin Hodi

Na'urar gano ƙarfe ta yi ƙara a tsakiyar gulbin Argungu. Riskuwa mai gyaran rediyo ne ya haɗa ta, bayan ya karanta yadda ake gano jiragen yaƙi masu nutso. Masunta suka ciro akwatin ƙarfe mai sunan Hodi.

Hodi aminin Riskuwa ne. Kowa ya ɗauka ya tafi Ikko aikin sojan ruwa tun kafin a ba mu jiha.

Riskuwa ya kai wa mahaifiyar Hodi akwatin.

"Inna, wani ya cuci ɗanki. Sai na gano shi."

Ta shafa murfin.

"Ni naj jefa akwatin ga gulbi, Riskuwa, don kar Hodi ya tafi ya bar ni. Shi ko ya faɗa ruwa nema. Har yau ina jiran ya fito."