Tafin Hannun Ustazu

"Kawo hannunka, Ustazu," in ji likitar gyaran ƙashi, Bamisriya. "Akwai dokar hana fita. In ƙugun matarka ya riƙe a gida, kai ne likitan."

Ya yi turus. Cikin fari ne matar ke ɗauke da shi, kunya ta hana shi ko ambatonsa. Watanni tana jan ƙafa a benen gidansu na unguwar Ard al-Liwa, shi kuwa "yi haƙuri" kaɗai ya iya, sai ka ce haƙuri na gyara ƙashi.

Likitar ta ɗora tafinsa ɗaya a bayan matar, ɗayan a gefen cikin. "Yalla, danna a hankali."

Matar ta sauke numfashi. Sai wata 'yar dunduniya ta tokari tafinsa daga ciki.

"Subhanallahi!" in ji Ustazu.

Likitar ta janye hannunta. Shi kam ya kasa janye nasa.