Ƙarfen Keke

Kwana biyu fitsari ya ƙi fita sai ɗigo. Mai ciwon, wani direba, ya dafe mara yana kuka kamar yaro.

"Tabo ne ya tsuke hanyar," in ji likita bayan ya sa masa robar fitsari. "Ko mu buɗa ta, ko tiyata. Ka taɓa buguwa a wurin, ko ciwon sanyi?"

Direban ya saci kallon matarsa. Cutar da ya kwaso a tasha, da kafso ya danne ta a ɓoye, kuma maci amana ba ya rasa ƙarya.

"Kan ƙarfen keke na faɗa."

Matar ta gyara masa jakar fitsarin.

"Rubuta keke, likita. Shekara tara danginsa na kirana juya. Likitar mata ta ce keken nan ne ya toshe min mahaifa."