Injin da Ke Tsoron Ruwa

Tun da na dawo gida ƙafata ta ƙi zama wuri ɗaya. In ba na tashar mota, to ina bakin kogi ina ba matuƙa jirgi labarin manyan injinan da na gani a bakin teku, da irin gyaran da zan yi wa harkar fito a garin nan in na tashi. Ran nan Kawu Ɗanjumma, ƙanen mahaifiyata, yana ɗinkin koma a inuwa, ya ce, "Ɗan nan, zo ka zauna bakinka ya huta, in ba ka wani misali."

Ya ce an yi wani manomin albasa a wata tunga, gonarsa na kan tsibiri a tsakiyar kogi. Ya gaji injin jirgi wurin mahaifinsa, tsoho tukuf, irin wanda yanzu ko wurin 'yan gwangwan ba ka samun kayansa. Son da mutumin nan ke wa injin ya wuce hankali. Ran da aka raba gado ya kwance shi daga jirgi, ya wanke, ya shafe da mai, ya kafa masa katako a zaure ya rataye, ya lulluɓe shi da bargon da shi kansa ba ya rufa da shi ko ana sanyi. Ya ce ruwa ke kawo tsatsa, don haka injinsa da ruwa haihata-haihata. Gona kuwa da filafili yake zuwa, yana tuƙi yana haki, maƙwabta na wuce shi da nasu injinan masu tari, waɗanda aka ɗaɗɗaure da waya da tsohuwar roba. Matarsa ta ce, "Maigida, ka ɗauki agwagwa ka mai da ita kaza." Bai kula ta ba. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya yaye bargo, ya goge fulogi, ya zuba ɗan fetur gauraye da baƙin mai, ya ja igiya. Ja ɗaya tak, injin ya ɗauka! Zaure ya turnuƙe da hayaƙi, kaji su watse, awaki su tsinke, farfela na ta yankan iska. Shi kuwa ya riƙe ƙugu ya ce, "Kun ji murya? Naku tari suke yi, nawa waƙa." Bakaniken tungar ya taɓa leƙowa ya ce, "Malam, ko a duro ne ka riƙa tsoma masa ƙafa in za ka tayar. Akwai 'yar roba a cikinsa mai zuƙo ruwa ta sanyaya shi, in tana juyi a bushe ƙonewa take yi." Ya ce, "Kai da marasa lafiya ka saba, shi ya sa in ka ga mai lafiya ba ka gane shi."

Ana nan, wata shekara albasa ta yi masa kyau. Ya cire, ya shanya, ya ɗura a buhuna a can kan tsibiri, sai ga shela cewa ambaliyar ruwa na tafe, kowa ya kwashe amfaninsa kafin faɗuwar rana. Maƙwabcinsa ya ce, "Bari in gama nawa in ɗebo maka." Ya ce, "Allah ya sawwaƙe mai ingarma a gida ya ari jaki." Aka ɗauko inji a ka, rabin tunga ta biyo kallo. Ko a nan bai yarda ya ɗaura shi ba, wai kada ya ɓata ƙarfinsa a kan jirgin da ba kaya. Ya kwantar da shi cikin bargonsa, ya tuƙa da hannu har tsibiri. Can ya loda buhuna har bakin jirgi ya kusa sumbatar ruwa, sannan ya ɗaura injin, ya yi bisimilla, ya ja igiya. Ja ɗaya tak! Jirgi ya tsaga ruwa, mutumin na ɗaga wa mutanen gaɓa hannu. To, inji mai lafiya yakan tsarto ruwa ta wata 'yar kafa a bayansa, matuƙa na ce masa fitsari. Nasa ko ɗigo. Daidai tsakiyar kogi, inda ruwa ya fi gudu, sai wari ya tashi kamar an jefa tsohon takalmi a murhu. Injin ya yi tari, irin tarin nan da yake yi wa na mutane dariya, ya yi tsit. Ya ja igiya, ta ƙi ko motsi. Jirgi ya ba ruwa gefe, ruwa ya fara shigowa. Mutanen gaɓa suka ɗauki ihu, "Rage kaya! Jefar da ƙarfen nan!" Ya dubi inji, ya dubi albasa, ya sake duban inji, sai ya fara tura buhu. Yana turawa yana salati, har jirgi ya zama wayam. Maƙwabcin nan mai inji mai tari shi ya janyo shi gaɓa, mutumin na zaune rungume da ƙarfensa cikin bargo, ko albasar miya bai tsira da ita ba. Makon nan tungayen da ke gangare sun sha miya, suna ta yi wa wanda ya yi sadakar addu'a. Da bakanike ya buɗe cikin injin, sai ya tarar robar ta daɗe da zama gawayi, tun Juma'ar farko.

Kawu ya ciji zaren komarsa, ya nuna mini jirginsa da haɓa. Ya ce, "Muryarka mun ji ta, ɗan nan, kuma da daɗi. Ga kogi can. Hausawa dai sun ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi."