Dalmar Barewa

Na taɓa yi wa mahaifina sata. Wata la'asar a Matankari ya zazzage jakar farautarsa, zai ɗura bindiga saboda barewar da ke cinye mana wake. Ƙananan dalma kaɗai suka zubo. Manyan ukun suna aljihuna, na kwashe don wasan dara.

Na ce, “Baba, ɗura ƙananan mana.”

Ya ce, “Na harbin zabi ne waɗannan. Barewa rauni za su yi mata, ta kwana uku tana wahala. Gara a bar mata waken.”

Kunya ta kama ni, na miƙa masa ukun. Ya yi dariya har da tari, ya maido mini biyu.

“Guda ta ishe ni. Je ka ƙarasa dararka.”

Allah ya yafe mini, har yau in na tuna dariya nake.